Lambar da Ba Ta Barin Saura

Daren Laraba, watan Sha'aban, Burumburum

Alhamdu lillahi, yau na warware tambayar Malam: wace lamba ce za a raba biyu, uku, har zuwa goma, ba saura? Ɗari uku da sittin ta rabu duka, bakwai kaɗai ta ƙi. Bayan La'asar ina zane a ƙasa, na ce bari in ninka ta sau bakwai. Dubu biyu da ɗari biyar da ashirin!

Na durƙusa na ce, "Allah gafarta Malam, ga ta."

Ya gwada da yatsa a rairayi, ya shafe, ya sake. Bai yaba ba, halinsa ke nan. Ya dai ce, "Gobe akwai rabon gado a ruga. Ka taho da buzunka, ka zauna kusa da ni."

Buzu! Ni da ko mallakarsa ban yi ba. Da asuba zan aro na Kawu.