Hannun Hagun Yayata

Anti Uwani, assalamu alaikum. Ki yi mini afuwa da na ɗora miki wannan nauyi. Na san wasiƙu sun yi miki yawa, tawa kuma ba ta kai ta wasu ba, amma na rasa wanda zan faɗa wa.

Shekarata arba'in da takwas, ina koyar da matan aure karatun allo a gidanmu da ke Hayin Dogo. Yayata, wadda ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, ta yi shekara ashirin tana sayar da atamfa a kasuwar Sabon Gari. A watan Sha'aban da ya wuce hawan jini ya kayar da ita a rumfa, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Da aka sallame ta daga asibiti na ɗauko ta wurina, don 'ya'yanta duk maza ne, kuma suna nesa.

Tun daga ranar ni nake ba ta abinci a baki. Dalilina ɗaya ne: mun tashi a kan ba a ci da hagu, ni ma abin da nake koya wa ɗalibaina ke nan. Na ga gara in zama hannun damanta da in bar ta ta saɓa. Haka alwala, haka ɗaurin zane. Banɗaki ma ni nake tallafe ta, don dokin ƙofar ɗakin yana da tsayi, an ɗaga shi saboda ruwan damina. Ba ta taɓa ƙorafi ba. Ta buɗe baki, ta haɗiye, ta sa mini albarka.

Maƙwabciyar rumfarta, Mama Scholastica, tsohuwar nas ce, takan hau acaɓa daga Muciya ta zo duba ta duk Lahadi bayan coci. Ita ta ce mini, cikin ladabi dai, wai ina kashe mata ɗaya hannun, kuma ƙafar da ba a takawa mantuwa take yi. Na yi mata godiya, a raina kuwa na ce ba ta san hukuncinmu ba.

Ranar Talatar nan na je ta'aziyya Palladan, na dawo da wuri. Na hango ta a bakin madafa, zaune kan turmi, kwanon ɗumame a cinya, tana ci da hagu. Yadda ta ƙetare dokin ƙofar nan, Allah ne masani. Zanenta duk ƙasa. Miya ta ɓata mata riga, amma rabona da in ga ta ci abinci da marmari haka tun tana da lafiya. Ba ta gan ni ba. Na koma zaure na tsaya har na ji ta lallaɓa ta shige ɗaki, sannan na yi sallama da ƙarfi. Da yamma na ba ta tuwo a baki kamar kullum, ta karɓa.

In na yi shiru, wata rana za ta faɗi ba kowa a gidan. In na yi magana, na kunyata yayata, ko in halatta abin da ba ni da iliminsa. Don Allah ki amsa mini da wuri.

Mai jinya, Samaru, Mayu 2007.

Amsa:

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ba ki dame ni ba.

Niyyarki kyakkyawa ce, kuma wata takwas ana ɗaga babban mutum ana kwantarwa ba wasa ba ne. Amma a nan Mama Scholastica ta fi ki gaskiya. Ni ba malama ba ce, sai dai na san wanda dama ta gagare shi yana da uzuri, kamar mai sallah a zaune. Ki tambayi malamin da kika yarda da shi a cikin makon nan don zuciyarki ta natsu. In tsarki ne damuwarki, ga sabulu, ga cokali.

Ki lura da abu ɗaya: ke yayarki take ɓoye wa. Ta san tsantseninki, ba ta so ta ɓata miki rai. Kina kare ta, tana kare ki, a tsakaninku ƙafarta na ƙara mutuwa.

Dokin ƙofar kada a fasa shi, damina ta ƙarato. Magini ya yi masa gangara da siminti ciki da waje. A kafa ƙarfen kamawa a jikin bango daga ɗaki zuwa banɗaki, kafinta kuma ya yi mata kujera mai huda a tsakiya. Ku koma asibiti wurin masu gashin ƙashi su nuna muku motsa jiki da irin sandar da ta dace da ita. Ki ɗauki shatar mota, kada a ɗora ta kan acaɓa, kuma ki roƙi Mama Scholastica ta raka ku.

Maganar ranar Talata kuwa, kada ki tayar da ita. Gobe da safe ki ajiye mata kwano da cokali ta ɓangaren hagu, ki zauna gefenta ki ci naki, kada ki kalle ta. Za ta gane.

Allah ya ba ta lafiya, ya ba ki ladan jinya.