Sunan da Ban Taɓa Kira Ba

Zuwa ga aminiyata, tsohuwar maƙwabciyata ta unguwar Glenwood,

Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa. Ina fata takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da iyalinki da jama'ar da kike wakilta. Mu nan Greensboro lafiya lau, sai godiyar Allah. Malam Sani yana gaishe ki.

Kin ga ban sa sunanki a sama ba. Ba mantuwa ba ce. Na ɗauki biro na rasa wanda zan rubuta, wanda na san ki da shi ko wanda na ji ranar Asabar. Kuma da Hausa zan yi, don Turancina ba zai ɗauki abin da ke cikina ba. Malam zai fassara miki. Matan nan da suka ci ƙosanki su ma za su karanta, su sha mamakin da na sha. Babbar damuwata ita ce 'yata Binta, takwararki. Tun tana goye nake ba ta labarin mai sunanta, sai ga shi ni kaina ban san sunan wa na sa mata ba.

Kin tuna zuwana garin nan, wajen ƙarshen shekarun saba'in? Amarya ce ni, ban san kowa ba. Malam ya hau bas da sassafe ya tafi karatun nomansa can East Greensboro, ni in zauna ina kallon bango. Gida ɗaya aka raba mana biyu, mu a ɓangare ɗaya, ke a ɗayan. Rannan na ji ƙamshin manja ta bangon kicin, na ce yau ko kewar gida ce ta fara taɓa ni? Na leƙa, sai ga ki kina suyar ƙosai. Ƙosai fa, a Amurka! Kika ce a garinku na Brazil ma haka ake yin sa, kika miƙo mini a takarda. Na tambayi sunanki, kika ɗan yi jim, sannan kika ce Fatima. Na dafe ƙirji na ce ai ke tamu ce.

A masaƙa kike aiki, ki dawo da auduga a gashi kamar furfura. Ba kya zama ki ba ƙofa baya. In Malam ya ƙure rediyo sai ki miƙe ki fita. Kina taya ni surfen wake kina jero mini tambayoyi: gonar da babana ke nomawa ta wa ce, wa ke yanke farashin gyaɗa, me ya sa mai noman ba ya ƙoshi? Nakan ce, Anti Fatima, da a Kano aka haife ki da tuni kin sha ɗauri. Ki yi ta dariya har da riƙe ciki. Ashe kin riga kin sha.

Ranar da na zo ƙunsa miki lalle na ga wasu yatsun ƙafarki babu farce. Kika ce injin masaƙa ne. Na yarda, har da tsine wa injin. Ni 'yar nan, wane inji ne ke cire farce ta cikin takalmi?

Da sojojin ƙasarku suka yi wa waɗanda suka gudu afuwa, kika tattara kika tafi, Binta ko tafiya ba ta fara ba. Katin gaisuwa ya zo sau ɗaya ko biyu, babu adireshi. Daga nan ɗif.

To, ranar Asabar ɗin nan aka gayyaci matan ɗaliban ƙasashen waje cin abincin rana a gidan wani farfesa a Sedgefield, kowa ta zo da girkin ƙasarsu. Akwai wata yarinya 'yar Brazil, Rosa, mijinta sabon ɗalibi ne. Ta kawo kaset ɗin bidiyo da wanta ya aiko mata na yaƙin neman zaɓe a jiharsu, ta ce mu ga garinsu. Ina tsaye da faranti a hannu, sai ga mace a bayan babbar mota, riƙe da lasifika, jama'a maƙil iya ganin ido. Kin yi ƙiba, kin yi furfura ta gaske, amma hannun nan naki da kike sara iska da shi in magana ta yi zafi, ko a cikin dubu zan gane shi.

Na ƙwala ihu na ce ga Anti Fatima! Rosa ta dube ni ta ce a'a, wannan ai Nilza ce, duk jiharsu babu wanda bai san ta ba. Na ce ƙarya ne, matar nan ta riƙe hannuna a ɗakin haihuwa. Ta dakatar da kaset ɗin a kan fuskarki. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ban san lokacin da na zauna daɓas a kan kafet ɗin mutane ba.

Daga bakin yarinyar da na girme wa nesa ba kusa ba na ji tarihinki. Wai malamar makaranta ce ke, 'yar gurguzu, kina bin gonakin rake kina haɗa kan masu sara su kafa ƙungiyar ƙwadago. Wai sojoji sun taɓa kama ki, suna ƙure rediyo don kada maƙwabta su ji ihun waɗanda ke ciki. Wai da kika koma gida kika fara daga ƙasa, kika zama kansila, yanzu kina majalisar jiha, masu gonaki suna aiko miki da barazana kina ƙara ɗaga murya.

Na ce to ita Fatima wace ce? Rosa ta yi ƙasa da kai. Ta ce ƙawarki ce, ma'aikaciyar jinya, ɗaki ɗaya kuke kwana. Sojoji suka dawo nemanki karo na biyu, ba su same ki ba, suka tafi da ita. Har yau babu gawa, babu kabari. Da fasfonta kika tsallake iyaka.

Haba, baiwar Allah! Shekaru muna cin abinci a kwano ɗaya. Kin ga tsiraicina, kin san faɗan da nake yi da Malam, kin san abin da ko uwata ban faɗa wa ba. Ni kuwa ko sunanki ban sani ba? Wallahi na ji haushi. Na ce a raina ashe duk wannan zaman da baƙuwa na yi shi.

Sai Rosa ta saki kaset ɗin tana fassara mini. Kina cewa sun ɗauka sun shafe Fatima, to sun yi ƙarya, don a wani ƙaramin gari a Amurka akwai yarinya baƙar fata da ke ɗauke da sunanta, uwarta na kiranta da shi safe da yamma. Jama'ar cikin kaset ɗin suka ɗauki tafi.

Ranar suna ce ta faɗo mini. Dangin Malam a Kano sun sa rai sunan mahaifiyarsa za a sa, muka ce a'a, wadda ta tsaya mana a baƙon wuri ita za mu yi wa takwara. Da na faɗa miki, fuskarki ta canja. Kika ce kar mu yi, mu nemi wani, kina roƙona har da riƙe mini zane. Mu kuma muka yi ta dariya, matan suna cewa Anti ta zama Bahaushiya, ta koyi kara. Kin sani, a wurinmu wanda aka girmama dole ya ce a'a, mai girmamawa kuma dole ya nace. Muka nace. Da aka raɗa sunan kika fita bayan gida kika daɗe. Da kika dawo idonki ya yi ja, kika ce mini, "Tunda kun sa, ku riƙa kiransa da ƙarfi."

Ban taɓa kira ba, ko sau ɗaya. Yaya zan buɗe baki in kira sunan babbar aminiyata gatsal a kan 'yar yarinya, ga shi kuma 'yar fari ce? Binta muka laƙaba mata, kamar yadda ake yi wa kowace Fatima a wurinmu. Har a makaranta Malam ya ce su riƙa ce mata Binta. Mu a ganinmu girmama ki muke yi. Ke kuma kina can kan mota kina shaida wa duniya ana kira safe da yamma.

Jiya da la'asar tana wasan keke da yaran unguwa, na fito bakin ƙofa. Na kira ta da sunan, ba ta waiwayo ba. Na sake, da ƙarfi, yadda kika ce. Ta taka birki, ta taho a tsorace tana tambayata da Turancin nan nata ko wani laifi ta yi. Na zaunar da ita a kan matakala na faɗa mata komai, iya abin da kanta zai ɗauka. Sai ta tambaye ni ko maman waccan Fatimar tana nan da rai, ko har yanzu tana nemanta. Ban da amsa, 'yar'uwa. Ke ce mai ita.

Haushin ya wuce, Nilza. Kin ga, na iya rubuta sunan naki. Ki aiko mana da hoton Fatimarki, in kuma mahaifiyarta tana raye ki gaya mata akwai jikarta a nan.

Allah Ya tsare ki daga sharrin masu neman ranki, Ya ƙarfafe ki a kan tsaya wa talaka. Allah Ya bayyana inda Fatima take kwance, Ya bi mata hakkinta, Ya sanyaya zuciyar wadda ta haife ta. Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taki har kullum,
Maman Fatima