Jeren da Na Yi a Tagar Anti Mei

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Ladi mai jere.

Assalamu alaikum Inna. Bayan gaisuwa ta girmamawa da addu'ar Allah ya ƙara miki hasken makwanci, 'yarki Rabi ce daga Kuala Lumpur. Shekara huɗu ke nan da rasuwarki, amma har yau in abin daɗi ya same ni ke nake fara nema in gaya wa.

Inna, na yi jere. Ni, Rabin da kika sani.

Kin san unguwarmu kaf ba a kai amarya sai an zo an ɗauke ki. Ke ce mai jera kwalla da samira da tasoshi a bango tun daga ƙasa har rufi, ni kuwa aikina goge kwano da miƙo miki, ina yi ina kumbura baki. Da na shiga jami'a har na ce miki wannan sana'a ta tsufa, yanzu kabad ɗin gilashi ake yayi. Ba ki yi faɗa ba. Kika ce, "To 'yar boko, miƙo min babbar kwallar." Maganar nan tawa ta daɗe tana cina, domin kin tafi kina ganin cikin 'ya'yanki babu wadda ta ɗauki hannunki.

A ƙasan benen da muke haya a Bukit Jalil akwai wani shagon shayi na wata dattijuwa 'yar asalin Sin, Anti Mei muke ce mata. Ganyen shayi take sayarwa da butoci da kofunan tangaran, akwai kuma tebur uku na zama. A nan nake ɓuya in rubuta aikin digirina. Shagon yana da babbar tagar gilashi da ke kallon titi, kuma 'yarta ce ke yi wa tagar ado duk shekara. Bana 'yar ta yi aure ta koma Penang, ita kuma Anti gwiwa ta hana ta hawa.

Wata safiya ta tsaya a kaina ta ce ta lura ba na iya zama sai na daidaita kofunan tebur, manya baya, ƙanana gaba. Wallahi ban san ina yi ba. Ta ce sabon ganye ya iso daga ƙasar kakanninta, na lokacin da sanyi ke wucewa itatuwa su yi fure, tana son taga ta nuna haka. Ta ce, "Boleh?" wato zan iya? Bakina ya riga hankalina, na ce boleh.

Abin dariyar, Inna, garin nan ba shi da wannan lokaci. Zafi ne da ruwa, ruwa da zafi, shekara ta zagayo. Ita Anti a hoto take ganinsa, ni ko a hoton ban damu da shi ba. Da na matsa mata da tambaya ta ce lokaci ne da komai ke farawa sabo. Na ce a raina, ai farkon damina ke nan, sa'ad da yabanya ta fito gonar Baba ta yi kore shar.

Ta ba ni reshen furen roba guda ɗaya da buta uku, ta tafi asibiti ganin likitan gwiwa. Na ajiye su a tagar, na fita titi na duba. Sai na ga kamar ɗakin amaryar da danginta suka yi fushi. Raina ya ƙi.

Na shiga ɗakin ajiyarta. Inna, da kin ga kaya! Kofuna kwali-kwali, kore da ruwan ƙwai da ruwan hoda, faranta masu zanen tsuntsaye, gwangwanayen shayi masu ƙyalli. Na tuɓe takalmi, na ɗaure mayafi a ƙugu kamar yadda kike yi, na hau. Manyan faranta masu ruwan ƙasa na sa a gindi, kore a kansu sahu-sahu, can sama masu launin fure. Duk sahun da na gama sai in ji muryarki: "Koma bakin ƙofa ki duba, mai shigowa ake yi wa jere." Na fita titi ya fi sau ashirin ba takalmi, har mai gadin bene ya fara kallona da tausayi.

Da la'asar Anti ta dawo. Ta tsaya da sandarta ta kalli taga daga ƙasa har sama, babu inda za ka sa yatsa. Ta dafe ƙirji ta ce, "Aiyo, Rabi, too much lah!" wato kayan sun yi yawa. Wai su a wajensu adon yana cikin filin da aka bari, abu kaɗan, ido ya huta. Na ji kunya ta rufe ni. Na ce ta ba ni kwana biyu, in bai yi ba ranar Lahadi ni da kaina zan sauke. Ta amince, amma don tana jin nauyina ne kawai.

Na koma gida ina ta tunani. Saukewar ba ta dame ni ba. Tsorona kada ya zama tarkace kawai na tara, in kasance na yi shekaru ina miƙa miki kwano ban koyi komai ba.

Asabar na zauna a teburina, littafi a buɗe, ido a titi. 'Yan makaranta suka tsaya suka ɗauki hoto. Wani ya shigo zai sayi koren kofi na tsakiyar sahu, sai na ji Anti da kanta tana cewa a'a, wannan ba a taɓawa, ta ɗauko masa wani daga ciki. Na sunkuyar da kai ina danne dariya.

Can wajen azahar wata dattijuwa ta zo wucewa da atamfa da babban mayafi, ana gani an san daga gida take. Ashe wankan jegon 'yarta da ke auren wani malamin jami'a ta zo. Ta yi turus a gaban taga, ta riƙe haɓa, ta ce da ƙarfi, "Ikon Allah! Wace amaryar aka kawo nan?"

Na fito da gudu na durƙusa na gaishe ta, na ce ni na yi. Ta ƙare min kallo, ta koma ta bi sahun nan ɗaya bayan ɗaya da ido, ta sa na gyara wani faranti da ya ɗan karkace a sahu na uku. Ba ta tambayi sunana ba, ba ta tambayi garinmu ba. Ta ce, "Yarinya, ban san uwarki ba, amma ta iya jere."

Inna, a bakin titi na yi kuka, ina yi ina dariya, Anti Mei ta rasa gane kanmu ta fito mana da shayi. Lahadi ta zo ta wuce, tagar tana nan yadda na bar ta.

Ki yafe min maganar da na faɗa miki. Allah ya jiƙanki, ya yafe miki kurakuranki, ya sa ki a ɗakin Aljanna da ya fi duk wanda kika taɓa ƙawata wa 'yar wani. Amin.

Taki har kullum,
Rabi, 'yar mai jere.