Takardun da Suka Ƙare a Wurin Mai Ƙosai

Luggere, Jimeta,
Ranar Talata.

Zuwa ga ƙanena Najmuddeen,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Nahla da yara, Ya tsare ku daga zazzaɓin Fatakwal da ruwan samanta da ba ya gajiya. Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Mahaifiyarmu Dada ta samu sauƙin ƙafar nan, har makon jiya ta shiga keke ita kaɗai ta je suna a Mbamba, ta dawo tana yi wa masu keke faɗa tun daga bakin titi har tsakar gida, ka ga kuwa lafiya ta samu. 'Yata Jannat ta shiga aji huɗu, bakinta irin nawa, Allah Ya shirye ta. Kogin Binuwai ya cika bana, kifi ya yi araha kwana biyu, sannan ya tuna ƙasar da yake ciki ya koma inda yake.

Na san za ka yi mamakin ganin wasiƙa a hannun Hosea direban tirelar shanu, alhali ga waya a aljihunka. Dalili shi ne a waya bakina ya fi ni sauri. Kafin in ce masa tsaya, ya riga ya gama ciniki ya ba da canji. Alƙalami kuwa yana jira na.

Kwanaki ka tambaye ni wane gari ne ya fi samuwar aiki a wannan matsi da ake ciki. To ina taya ka murna, domin garinku ne. Babu kamar Jimeta. Nan ne za ka ga mutum ɗaya yana sayar da albasa, biyar suna taya shi faɗin kuɗinta. Nan ne masu digiri suke gadin inuwar dalbejiya daga hantsi zuwa la'asar ba fashi, ko ranar hutu ba sa ɗauka. Ga kuma babbar masana'antarmu da ba ta taɓa rage ma'aikata ba, wato neman aikin kansa, wadda a cikinta masu ɗaukar hoton fasfo da masu kwafin takardu har sun soma sayen filaye. A wannan masana'anta, ƙanena, ni Hammanka na kai matsayin manaja, kuma shi ne abin da ya sa na zauna rubutun nan.

Ran Juma'a ka ce mini ƙarshen wata za ka mayar wa maigidanka makullin siton siminti, ka kwaso iyali ku dawo gida, tunda Hamma ya ce akwai gurbin mai kula da sito a ofishinsu. Na ce maka Allah Ya kawo ku lafiya. Najmuddeen, don girman Allah kada ka mayar da makullin nan. Babu gurbi. Ofishin ma babu shi, yau wata goma sha huɗu ke nan da aka rufe.

Ka tuna shekarar da Mubi ta faɗa hannun 'yan Boko Haram, mutane suka kwararo Yola da tabarmi a ka, wasu ko takalmi babu. Lokacin ina sayar da caja da batirin waya a kasuwa. Ƙungiyar agajin nan ta zo tana neman mai jin Hausa da Fulatanci da Turanci. Turancina na kasuwa ne, amma ba ya jin kunya, sai suka ɗauke ni tafinta a sansanin Malkohi, suka ba ni falmaran mai aljihu shida da tambarinsu a baya, da katin shaida na ratayawa a wuya. A shekarun nan kam Yola ta yi aiki. Masu otal, direbobi, masu gidan haya, kowa ya samu nasa. Abin da ba mu faɗa da ƙarfi shi ne masifar wasu ce ta zama kasuwarmu. Na taɓa zama gaban wata tsohuwa daga Madagali tana ba da labarin yadda ta rasa 'ya'yanta a hanya, ina juya maganarta zuwa Turanci, raina kuwa yana wurin shinkafar rana ko an sa nama. Allah Ya yafe mini wannan, don ni ban yafe ba.

Da ƙura ta lafa sai aikin ya dinga tsukewa, har ranar da suka ce sun tashi. Aikina na ƙarshe da su shi ne na nemo musu masu sayen kujeru da janareto. Suka tafi suka manta ba su karɓi falmaran da katin ba. Washegari na saka su, wai don kada Dada ta ji labarin babu shiri. Ina fita mai shayi ya ce Oga an fito, mai keke ya matsar da wani fasinja ya ba ni gefen da babu rana. Na ce to, gobe na cire. Goben nan ce ta kai wata goma sha huɗu. Kullum da safe in fita a shirye, in haye gada zuwa Vinikilang, in naɗe falmaran in cusa a jaka, in yini ina dillancin masara da gyaɗa. Da yamma kafin in hau gadar in sake sakawa. Matata Sakinatu ta gane tun makon farko, don ba a ɓoye wa mace abin da tukunyarta ta riga ta sani. Ta ce in cire in huta, na ce sai bayan Salla. Salla uku suka wuce.

Da a nan abin ya tsaya, da sauƙi. Amma mai falmaran ba ya tafiya hannu sake a garin nan. Mutane suka ci gaba da kawo mini takardun neman aiki, nasu da na 'ya'yansu, an manna hoto a kusurwa, an saka a ambulan mai tsabta. Allah shaida ban karɓi kobon kowa ba. Amma na karɓi rusunawa, na karɓi zabi biyu da busasshen kifi, na karɓi kujerar gaba a wurin ɗaurin aure. Duk wanda ya tambaye ni labarin takardarsa sai in ce tana kan tebur. Teburin kuwa wata jakar Gana-mas-go ce a ƙarƙashin gadona.

Ranar Alhamis Sakinatu ta yi sharar ɗaki saboda ɓeraye. Ta jawo jakar, ta ga takardu, ta ɗauka tarkacen tsohon ofis ne, ta aika wa Adda Khadijah mai ƙosai ta bakin layinmu, wadda ta daɗe tana kukan tsadar leda. Ni ban sani ba.

Ranar Asabar da safe ina alwalar walaha sai ga sallamar Malam Nicodemus. Ka san shi ba sai na faɗa ba, shi ya kama hannuna da naka ya koya mana rubuta sunanmu a firamare, kuma shi ya tsaya tare da mu a maƙabarta ranar da aka binne Baba har aka watse. Ya tsufa yanzu, da sanda yake tafiya. Na shimfiɗa masa tabarma, ya zauna, ya ajiye ƙunshin ƙosai a tsakaninmu ya buɗe a hankali. Ya kwashe ƙosan ya zuba a murfin kwano, ya ɗora takardar a gwiwarsa yana miƙar da ita da tafin hannu. Takardar 'yarsa ce, Keturah, wadda ta gama makarantar koyon aikin lafiya. Mai ya jiƙa sunanta, yaji ya zauna a kan hotonta daidai goshi. Shi da kansa ya kawo mini ita wata goma sha ɗaya da suka wuce, sanye da rigar da yake zuwa coci da ita.

Na so a ce ya zage ni. Na so ya ɗaga sandar nan, da na samu abin da zan yi da fuskata. Sai kawai ya ce ya zo ne ya mayar mini da takarda, don da alama ta faɗo daga kan tebur. Sannan ya tura mini murfin kwanon ya ce in ci tun da zafi, ba a wasa da abinci a wannan zamani. Najmuddeen, na ci. Ban san abin da zan yi ba ban da ci. Ni da na taɓa sayar wa mutum cajar da ba ta shiga wayarsa har ya yi mini godiya, sai ga ni ina taunar ƙosai kaina a ƙasa. Da ya tashi tafiya ya ce sauran masu takardun, ni zan faɗa musu ko kuwa in bar wa ƙosai ya faɗa.

Abin da ya fi ci mini rai ban faɗa maka ba tukuna. A watan Maris ƙanwar mahaifiyar Keturah ta kira ta Jalingo, wani mai kantin magani yana neman ma'aikaciya. Yarinyar ta zo har ƙofar gidan nan ta durƙusa ta tambaye ni, ta tafi ko ta jira. Na gyara katin wuyana na ce ta jira, sunanta ya hau sama. Jiya na nemi lambar matar na kira, ta ce an ɗauki wata tun kafin damina. Ramin ƙarya ƙurarre ne, haka aka ce, amma ba a faɗa mana cewa wani lokaci ba mai haƙa shi ne yake fara faɗawa ba.

Na je wurin Adda Khadijah na karɓo abin da ya rage. Ta riga ta naɗe ƙosai da kusan rabi. Tun ranar Lahadi nake bin gidaje ina mayar wa kowa tasa, ba falmaran, ba kati. Wani ya yi dariya har ya riƙe ciki, wata ta rufe ƙofa ina cikin magana, wani dattijo ya ce dama ya sha ganina a Vinikilang ina auna masara, ya ɗauka aikin sirri ƙungiya ta tura ni. Taka takardar, wadda ka aiko da Babbar Salla, ban same ta a jakar ba. Wani bawan Allah a Luggere ya karya kumallo da sakamakon jarrabawarka, ina fata ya yi masa albarka.

Yanzu ga amsar tambayarka, iyakar sanina na ɗan kasuwa. A Jimeta kowa cewa yake aiki yana Fatakwal. Kai a Fatakwal kana hango Jimeta. Direbobi sun ce mini 'yan Kano Abuja suke kallo, 'yan Abuja Legas, na Legas kuma suna tsaye bakin teku suna leƙen ƙetare. Ni da na ga gari ya cika da aiki, na kuma ga abin da ya kawo aikin, ba na roƙa wa kowane gari irin wannan arziki. Na san albashinka ya ragu, na san haya ta hau, na san Nahla tana kewar gida. Amma kana wurin da mutum ya san fuskarka shekara tara, ya yarda ya damƙa maka makulli ya tafi ya yi barci. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Idan ka riga ka yi wa maigidan naka maganar tafiya, ka koma ka janye, ka ce yayanka ne ya yi maka ƙarya. Ka faɗi sunana ma idan zai taimaka, ba shi da sauran wani amfani a nan.

Abu biyu nake roƙo. Na farko, idan ka ji wani kantin magani ko ƙaramin asibiti a wajenku yana neman ma'aikaciya, ka tuna da Keturah. Idan ka gani da idonka ka faɗa. Idan ba ka gani ba ka ce ba ka gani ba, kada ka yi irin ta Hammanka. Na biyu, kada ka kira Dada a kan maganar nan. Har yanzu tana gaya wa baƙi ɗanta yana aiki da Turawa. Ni na ɗaura, ni zan kwance, ranar Juma'a bayan masallaci in sha Allahu, tun kafin ta aiki wani sayen ƙosai.

Ka gaishe mini da Nahla ƙwarai, ka ba ta haƙuri idan ta riga ta soma ɗaure kaya. Ka shafa mini kan yara. Dada tana gaishe ku tana sa albarka. Sakinatu tana gaisuwa, ta ce in gaya maka falmaran ta samu aikin da ya dace da ita, tana rataye a madafa, aljihu ɗaya ashana, ɗaya dunƙulen magi, ɗaya daddawa. Jannat ta ce a gaida Bappanta. Malam Nicodemus ma da na je jiya ya ce in gaishe ka, ya tambaya ko har yanzu rubutunka yana hawa tudu. Allah Ya buɗa mana ta hanyar da ba sai mun sunkuyar da kai ba, amin.

Naka, mai jin nauyinka,
Hammanka Mu'tasim.

Af, na manta. Adda Khadijah tana cikin naɗe ƙosai ta ga hoton wata bazawara 'yar layin baya, ta sa aka karanta mata takardar, ta aika aka kira ta. Yanzu ita ke taya ta suya da safe, kuma ana biyanta kullum kafin azahar. A duk unguwar nan ban san wanda ya ɗauki ma'aikaci bana ba sai ita. To kai da ka ga duniya ka raba mana gardama: Sakinatu kuskure ta yi, ko kuwa ita kaɗai ce a gidan nan ta san ofishin da ake kai takarda?