Jigon da Ya Tada Liman

Dogon Gawo, ta Keita
13 ga Yuni, 1986

Zuwa ga maigidana, a Abijan.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya, kai da mutanen garinmu da ke tare da kai. Yaya aiki, yaya ruwan can da ba ya ɗaukewa? Mu nan lafiya lau. Ɗiyarmu Saude ta fara tafiya, har tana bin kaji. Barka da salla, ko da yake ta wuce.

Ka san ni ban iya kewaye-kewaye ba. Baba Malam bai ja sallar idi ba bana. Shekara talatin da ɗaya mahaifinka yana limancin garin nan, sai wannan karon mutane sunka bi Malam Sani, na'ibinshi. Tun tsakiyar azumi bayanshi ya riƙe. Ya duƙa zai ɗauki buta, sai ya tsaya nan a duƙe, sai da mutum biyu sunka kai shi ɗaki. Wanzami ya yi mishi ƙaho har sau uku, an gasa, an shafa man shanu, duk a banza. Zaune yake salla, kuma shi da bakinshi ya ce mai salla zaune ba ya jan na tsaye.

Abin da ya tada mini hankali shi ne, ya tara dattawan gari ya ce in babbar salla ta zo bai iya ruku'u ba, zai miƙa sanda da rawani ga Malam Sani. Wallahi ina tsoron ranar nan. Mutumin da limanci ne numfashinshi, in ya aje shi me ya rage? Tun yanzu tuwon da nake aika mishi yana dawowa da rabi.

Ni kuwa na san magani, shi ne abin haushin. Ka tuna bara da nake ɗaukar duwatsu a shantiye, wurin aikin furojen gyaran ƙasa, bayana ya kama? A likitar Keita, wato asibiti, majo, babban ma'aikacin jinya, ya kwantar da ni kan wani gadon ƙarfe, ya ɗaura mini ɗamara a ƙugu, igiya ta bi ta ƙafafu, wani nauyi yana ja a hankali. Sai na ji bayana yana buɗewa. Sati uku na koma bakin aiki. Amma Baba ba zai iya hawa jaki ba, balle kamyo, babbar motar kaya, a hanyar nan tamu mai duwatsu. Kuma ta yaya zan gaya mishi? Shekara bakwai ina gidan nan ban taɓa haɗa ido da shi ba, in na ji takalminshi sai in kauce. Da Inna mahaifiyarka tana da rai, Allah ya jiƙanta, da ita zan aika.

Kada ka ce za ka baro aiki ka taho, zuwanka ba zai miƙe baya ba. Ka dai taya mu da addu'a. Akwai abin da nake saƙawa.

Ka gaida kowa. Ni ce taka,
Jaratu

*

4 ga Yuli, 1986

Zuwa ga maigidana.

Gaisuwa da begen ganinka. Wasiƙarka ta iso, na ji daɗin jin kana lafiya. Yaya ƙafar da ka ce ta kumbura? An yi ruwa, mun yi shuka, ƙannenka sun taimaka a gonar tudu.

Ka ce in bar abin da ya fi ƙarfina. To, ka makara, Maigida. Tunda Baba ba zai je wurin gadon ba, na kawo gadon wurin Baba.

Na koma Keita na samu majo, na tambaye shi yadda abin yake. Ya yi dariya, amma ya bayyana mini: nauyi kaɗan kaɗan, safe da maraice, gwiwoyi a ɗage, in zafi ya sauka ƙafa a tsaya, kuma bayan an gama mutum ya tashi ya taka, kada ya wuni kwance. A hanyar dawowa na bi ta lambunan albasa, na ga jigon ban ruwa na Bakari mai lambu tsaye ba aiki tunda damina ta faɗi. Na tsaya ina kallonshi. Dogon icce, nauyi a gindi, igiya a kai, aikinshi ke nan ja a hankali. Na ce yauwa!

Bakari ya ɗauka na zare, amma ya tuge jigon ya kafa shi a tsakar gidanmu, bayan ɗakin Baba. Munka shimfiɗa tsohon ƙyaure, munka kwantar da turmi wurin ɗora ƙafafu. Majayin jaki ya zama ɗamarar ƙugu, na naɗe shi da tsumma don kada ya ci fata. Wani zane ya bi ta ƙarƙashin hamata aka ɗaure shi a turke. A maimakon dunƙulen laka na gindin jigo, na sa anka rataya kwando, don a riƙa ƙara dutse ɗaya ɗaya. Ni na fara gwadawa. Bakari, uban ƙarfi, ya cika kwandon, sai ga ni a sama kamar guga, ina salati, shi kuma yana neman hanyar gudu. Na zazzage duwatsunshi na zaɓo nawa. Shekara biyu ina ɗaukar dutse a ka, wuyana ya fi kilo sanin nauyi.

Saura mai hawa. Da Bakari ya kai maganar, Baba ya ce shi liman ne, ba tulu ba ne da za a rataya. Kwana biyu ban ci abincin kirki ba don takaici. Sai na tuna da Iya Cima, taubashiyarshi, tsohuwar nan mai baki kamar reza. Ita kaɗai ce duk garin nan za ta faɗa mishi abin da ta ga dama, ba mai cewa ta yi rashin kunya. Na kai mata goro na zayyana mata komi.

Da ka ga abin da ta yi! Ta shigo da sandarta, ta kwanta kan ƙyauren, ta sa na ɗaura mata majayi, tana ɗaga murya wai ashe akwai abin da tsohuwa ke iyawa liman yana tsoro. Ta ce in ya aje rawanin ita za ta ɗauka ta yi gammo da shi. Ta ce za ta bi gida gida ta shaida cewa iccen ban ruwa ya kori jikan malamai. Daga cikin ɗaki na ji Baba yana ce mata tsohuwar kura, kuma rabon da in ji dariya a muryarshi tun kafin azumi. Ya yarda, amma da sharaɗi: a kewaye wurin da zana, kuma kada surukarshi ta gan shi kwance.

Ka ga ikon Allah, jigon dogo ne. Kanshi yana cikin zana, kwando yana waje. Ina tsaye a waje da duwatsuna, ba na ganinshi ba ya ganina. Iya Cima ke ɗaura mishi majayi, ita kuma ta tsara mana: in ya yi gyaran murya sau ɗaya in ƙara dutse, sau biyu ya isa. Yau kwana biyar ke nan. Jiya kwanon tuwo ya dawo wayam.

Saude tana gaishe ka da hannu. Taka har kullum,
Jaratu

*

30 ga Yuli, 1986

Maigida,

Ina gaishe ka, ina fata kana lafiya. Ka yi haƙuri da rubutun nan, raina a ɓace yake.

Komi yana tafiya daidai. Mun kai dutse shida. Baba ya fara zagaya gida ba sanda, yana kwanciya ya jawo gwiwoyi zuwa ƙirji yadda majo ya ce, har ya yi sallar azahar tsaye shi kaɗai. Sai gaggawa irin ta gidanku ta motsa, wadda kai ma ka gada. Ranar da na tafi shantiye, ya sa Iya Cima ta ƙara mishi dutse huɗu a tashi ɗaya, wai don abin ya yi sauri. Ita kuma, da ba ta san komi ba sai baki, ta zuba. Na dawo na tarar da shi kwance yana nishi, saura kwana ashirin salla.

Na kwance igiyar na shige da ita ɗakina. Sannan na fito tsakar gida na tsaya kan kajina, na yi musu faɗa da ƙarfi yadda na cikin ɗaki zai ji. Na ce musu kaji marasa haƙuri, ƙwai ba ya ƙyanƙyashewa don an ƙara mishi wuta. Na ce wadda ta sake taɓa mini kwando, tsohuwa ce ko budurwa, za ta gamu da ni. Daga baya kunya ta rufe ni, na shiga ɗaki na yi kuka. Ni Jaratu, ni ce da yi wa mahaifinka habaici!

Ya huta kwana biyu. Shekaranjiya na sake zuwa wurin majo, ya ce a koma dutse biyu a faro daga farko. Yau da safe na mai da igiya, na tsaya bayan zana, ban san ko zai fito ba. Can sai na ji ƙyaure ya motsa, sannan gyaran murya guda ɗaya, ƙasa ƙasa. Na sa dutse.

Ka yi mana addu'a, lokaci ya ƙure. Taka,
Jaratu

*

18 ga Agusta, 1986

Zuwa ga maigidana abin ƙaunata,

Barka da salla, barka da salla! Ina fata kun yi layya lafiya, kuma ka samu wanda ya soya maka nama. Mu nan ƙalau, hatsi ya fara fidda kai.

Bari in ba ka labari. Ranar salla da safe Baba ya fito da farar riga da rawani, ya tafi filin idi da ƙafarshi. Malam Sani, Allah ya saka mishi, ya tsaya daf da bayanshi ko da wani abu zai faru. Maza duk sun tafi, tsofaffin mata sun bi su, anka bar mu da tukwane. Na kasa zama. Na jingina tsani na haye bisa babban rumbunmu, daga nan ana hango filin.

Na ga sahu ya miƙe, na ga fari guda ɗaya a gaba. Anka yi kabbarori, ya yi karatu. Sannan ya duƙa. Duƙawa ba ita ce wuya ba, tasowa ce. Gari duka yana duƙe a bayanshi yana jira. Sai na gan shi ya taso, a miƙe, ba dafa gwiwa ba jinkiri, iska ta kawo mini muryarshi. Ya yi sujada ya tashi. Da ya taso daga ruku'u na biyu, ban san lokacin da na kama hanci na rangaɗa guɗa ba. A tsakiyar salla! Daga bisa rumbu! Iya Cima ta ce har sahun gaba an ji, kuma ita da kanta sai da ta ciji mayafi don kada dariya ta ƙwace mata.

Na sauko na ɓuya a ɗaki, na ce yau kam na gama yawo a garin nan. Da rana ta ɗaga na ji mutane sun rako Baba, na ji takalminshi ya wuce ɗakinshi, ya zo ya tsaya a ƙofata. Bai taɓa yin haka ba. Ya juya baya, ya fuskanci bango, ya yi magana kamar da bangon yake. Ya ce a gaya wa mai guɗa ba a guɗa cikin salla. Sannan ya ce a kuma gaya mata, shi ya haifi maza huɗu, amma yau ya san yana da ɗiya, Allah ya yi mata albarka duniya da lahira. Muryarshi ta karye a wurin albarkar.

Na ce amin a bayan labule, da ƙarfi, ya ji. Ita ce kalma ta farko da ta taɓa shiga tsakanina da shi.

Ka gaida mutanen garinmu, ka gaya musu limaminsu yana nan tsaye.

Ni ce matarka mai begenka,
Jaratu