Tattabarun Yaya Dogo

Gumel, Litinin

Goggo Talatu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan kuna lafiya ke da Yaya Dogo. Tunda kin rantse waya ba ta isar da magana, to ga takarda na ba direban Maigatari.

An turo mu bincike kan abin da ke kai mutum ga tunanin kashe kansa, da yadda za a tare abin da wuri. Mun zaga Gagarawa da Sule Tankarkar, amma duk wanda na tambaya halin da zuciyarsa ke ciki sai ya ce, "Lafiya lau." Wani tsoho ma cewa ya yi, "Yarinya, bincike kike ko miji kike nema?" Na yi dariya har da hawaye. Takarduna sun cika da lafiya lau.

'Yarki,
Ni'imatu

Maigatari, Alhamis

Ni'imatu 'yar boko,

Wa alaikumus salam. Ke ma dai, wa ya taɓa amsa gaisuwa da ciwonsa? Zauna ki sha furarsu tukuna, sannan ki yi tambaya.

Mu nan sai murna. Kin san tun rasuwar matarsa ɗan nan nawa Dogo ya daina fita, abinci ma sai na yi da gaske. To makon nan ya ware. Ya bi unguwa gida-gida yana neman a yafe masa, har ni ya durƙusa ya roƙa. Tattabarunsa kaf ya kyautar wa Ɗantala maƙwabcinmu. Na ce lallai Umara zai tafi yake ɓoye mini, har na sa an yi masa dambun nama na guzuri.

Allah ya yi miki albarka.
Goggonki

Gumel, Juma'a

Goggo,

Gaisuwa a gurguje. Wayarki a kashe take, shi ya sa na turo mai babur da takardar nan. Na bi shawararki, kuma mutane sun buɗe baki. Gidaje uku da wani nasu ya kashe kansa, maganarsu ɗaya: mutumin ya nemi yafiya ba tafiya a gabansa, ya rabar da abin da ya fi so, kowa ya ɗauka sauƙi ya samu.

Tsoro nake ji, Goggo. Allah ya sa kuskure nake. Kada ki bar shi shi kaɗai. Ki tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, an koya mana cewa tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin. Ban da faɗa, ban da wa'azi, ki saurara kawai. Ina tafe da likitan da muke aiki tare.

Ni'imatu

Maigatari, bayan wata biyu

'Yata Ni'imatu,

Salamu alaikum, ya aiki? Ranar da kuka zo ban ba ki labarin yadda muka yi da shi ba, sai yau zan gaya miki. Da na gama karanta takardarki sai na tashi nemansa. Na same shi a zaure na ce, "Dogo, kashe kanka kake son yi?" Ya dube ni ya ce, "Inna, wa ya gaya miki?" Muka zauna muka yi ta kuka, ni da shi.

Yanzu duk sati yana zuwa ganin likita, yana shan maganinsa. Akwai ranakun da yake yin shiru, sai in ja tabarma in zauna kusa da shi. Jiya kuwa tuwo ya nemi ƙari, har da ƙorafin miyar ba gishiri. Wallahi daɗi kamar in yi guɗa. Dambun guzurin ma shi ya cinye abinsa, ko tayi bai yi mini ba.

Ki rubuta wannan a takardunki: idan mutum ya nemi yafiya, a yafe masa, sannan a tambaye shi ina za shi.

Ga shi nan ya ƙwace biron.

Ƙanwata,

Ina gaisuwa. Tattabarun nan sun ƙi zaman gidan Ɗantala, kullum da safe sai in gan su a kan katangarmu. Na gaji na gyara musu ɗakinsu, biyu har sun yi ƙwai. Ki zo ki gani idan sun ƙyanƙyashe, ina nan.

Yayanki,
Dogo