Ledar Kujerar Gefe

Litinin, 4 ga Maris, 2019
Baban Debbie ya haukace. Kuɗin sallamarsa na shekara talatin da biyar, da filinsa na Yolde Pate, duk ya zuba a mota ja mai kujera biyu. Biyu! Ko buhun masara ba ta ɗauka. Wai tun yana makarantar horon malamai yake mafarkinta. Na ce, "Ishmael, kujera biyun ta wa da wa?" Ya ce, "Ni da ke mana." Na ce ƙafata ba za ta taka ta ba. Ya yi dariya, ya ce ledar da ke kan kujerar gefe ba mai cirewa sai ni.

Asabar, 16 ga Maris
Abin dariya ma, motar gudu ce amma ba ya gudu. Ya'u makanike na Jambutu ya ce sabon inji sai an lallaɓa shi har ƙarafunan ciki su saba da juna: kada a wuce tamanin, kada a danne totur, kada a yi doguwar tafiya, sai ta cika kilomita dubu ɗaya da ɗari biyar. Shi ne kullum da yamma yake rarrafawa daga Jimeta zuwa Yola ya dawo. Yau keke napep ya wuce shi a gabana. Na yi dariya har da riƙe ciki.

Lahadi, 7 ga Afrilu
Bayan sujada ya sake cewa in zo mu zaga. Na hau napep na bar shi a bakin coci, mutane na kallo. Ya ce ranar da ta cika zai kai ni hanyar Numan ya taka ta in ji muryarta. Na ce a dawo lafiya.

Alhamis, 25 ga Afrilu
Ishmael ya tafi. Da safe, yana ɗaure takalmi. Zuciya, in ji likita.

Talata, 21 ga Mayu
Dangi sun zauna, sun ce a sayar da motar. Ni ma na yarda, me zan yi da ita? Zadok, ƙanen Ishmael, zai tuƙa ta zuwa Abuja ranar sha biyar ga Yuni. Na san Zadok, ko keke ya hau sai ya yi tsere.
Da suka watse na buɗe gareji. Mita na nuna 1,090. Hular Ishmael na kan sitiyari. Ledar tana nan, ko yagewa ba ta yi ba. Na rufe na fito da sauri.

Juma'a, 24 ga Mayu
Na je wurin Ya'u. Ya ce, "Madam, in aka ɗora ta a hanyar Abuja yanzu, an cuci injin, wahalar Oga ta tashi a banza." Saura ɗari huɗu da goma, kwana ashirin da ɗaya. Na ce zan ƙarasa da kaina. Zadok ya ce, "Haba matarmu, motar da kika tsana?" Na ce ina ruwanka.

Laraba, 29 ga Mayu
Jimeta, Yola, Jimeta. Motar ƙasa take sosai, gwiwata ta sha wuya. A Yolde Pate wata mai gasa masara ta tsayar da ni, ta ce ina Baba? Ashe kullum yana sayen biyu. Yakan ce ɗaya ta madam ce, gobe za ta zo. Ni dai na san yana shigowa da masara a takarda, ina cewa ya ba mai gadi.
Ban iya faɗa mata ba. Na ce yana gida.

Laraba, 5 ga Yuni
1,320. Yau ban yi kuka ba sai a wata gada a kan hanya.

Litinin, 10 ga Yuni
Haushi nake ji, wallahi, kuma ban san wa zan ji wa ba. Mutum ya yi wata biyu yana tafiyar hawainiya don wata rana guda, bai taɓa jin abin da ya saya ba. Ni kuma minti arba'in kawai ya roƙa. Me nake yi da yamman nan? Tsintar wake. Shekara talatin da ɗaya ina ganin ni ce mai hankalin gidan nan.

Juma'a, 14 ga Yuni
Ta cika a daidai Jambutu. Ya'u ya yi juyen mai, ya saurari injin, ya ce, "Ta nuna, Madam." 'Yata Debbie ta iso daga Jos jiya, ita ta biyo ni a napep. Na miƙa mata makulli, na ce gwiwata ce ke ciwo. Ta karɓa.
Ledar ta yi tauri, sai da na sa haƙori. Kujerar da laushi, ashe.
Da muka fita hanyar Numan Debbie ta ce, "Mama, in taka?" Na ce taka. Kai! Muryar kamar ta ratsa ƙirjina. Na ji kaina ina cewa, "To, na ji, Ishmael, na ji."
Zadok ya kira sau uku kan maganar gobe. Ban ɗauka ba, caji ne babu sosai. Makullin yana cikin jakata. Kafin mu koma gida mun tsaya Yolde Pate, na faɗa wa mai masarar nan gaskiya, na sayi masara biyu.